Ƙaramar makarantar kuɗi: kafin ka kai ɗanka, ka je da ƙafarka



Da zarar Satumba ta gabato, iyaye a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwanninmu na Legas sukan shiga neman inda za su sa ƙananan yaransu. Kusan kowane layi akwai makarantar kuɗi. Wata ɗaki uku ce a gidan haya, yaranta duka ba su wuce arba'in ba, mai makarantar ita ke karɓar kuɗi, ita ke koyar da aji guda. Wasunmu na raina irin waɗannan, wasu kuma na rububinsu saboda araha da kusa da gida. A ganina ƙanƙanta ba aibi ba ce, amma kuma ba shaidar inganci ba ce.

Amfaninta ga yaranmu a fili yake. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, yana jin Yarbanci da Burokan a waje, sai a kai shi aji inda komai da Turanci ake yi. Sau da yawa shiru zai yi, ba don daƙiƙanci ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya san ajujuwa da dama sun zarce haka. A ajin yara goma sha biyu, malama za ta gane wanda bai fahimta ba tun a makon farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a shekarun koyon karatu.

Sai dai ƙaramar makaranta a kan mutum ɗaya ko biyu take tsaye. Idan malamar kirki ta samu albashi mai tsoka ta tafi, ingancin ya bi ta. Don haka ka tambaya: shekara nawa malamar ajin ta yi a nan? Tana da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya? Idan an haɗa aji biyu a ɗaki guda, yaya ake raba musu darasi? Inda ake canza malamai kowane zango, yaro kullum sabon farawa yake yi.

Ka duba ginin da idonka. Ba mu manta da 13 ga Maris 2019 ba, ranar da bene ya rufta a Ita Faji da ke tsibirin Legas, akwai makarantar yara a samansa, aka rasa rayuka har da ɗalibai. Ka duba bango da matakala, banɗaki da ruwa, da kuma wanda ke tsaron ƙofa lokacin tashi.

Ka nemi ganin takardar amincewar gwamnatin jiha, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a allon waje. Makarantar da ba ta da rajista ana iya rufe ta a tsakiyar zango, kuɗinka ya tafi, karatun yaro ya tsaya. Ka kuma sa a rubuta maka duk kuɗin shekara, har da littattafai, yunifom da bikin ƙarshen zango, domin a nan arahar takan ɓace.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka je ranar karatu ba tare da sanarwa ba, ka roƙi a bar ɗan aji uku ya karanta maka shafin da bai haddace ba. Idan ya karanta ya kuma faɗi abin da ya gane, makarantar na aiki ko da fentinta ya koɗe. Idan aka hana ka shiga aji, ka samu amsarka.

Iyaye mata kuma a ba su dama su je su gani, domin su ne suka fi sanin halin yaran. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.