Ba Mu Ne Winston Ba

Kamarad, wata cuta ta shigo ƙungiyarmu, sunanta 1984. Tun da littafin George Orwell ya fara yawo daga salula zuwa salula, ba a iya zama a fada a sha shayi ba tare da wani ya ambaci Big Brother ba. Kuran ya ɗauke, ai Orwell ya faɗa. Rezo ya yi nauyi, Orwell ya faɗa. Mushe ya hana shiga aji da waya, wannan ma wai Orwell ya hango shi tun 1949. Cutar ta kai ga alƙalumanmu. Dubi gajerun labaran da ake kawowa don wannan ɗan littafi namu: birni mai kamara a kowace kusurwa, ƴan sanda masu baƙaƙen kaya, da wani saurayi mai tawaye da ba a san unguwarsu ba, ba a san abin da yake ci da dare ba. Zanen aro ne, kuma ba ya rufe katara.

A watannin nan na karanta 1984 tare da wasu ƴan uwansa, da kuma romomi na zamani daga Afirka. Ga ra'ayina, wanda zai ji haushi ya ji: littafin Orwell babba ne, amma karatun da muke yi masa na ragwaye ne, kuma yana hana mu ganin littattafan da suka fi shi kusa da mu.

Da Faransanci ana ce wa irin waɗannan romomi distopi. Ni ina kiran su littattafan baƙar gobe. Marubuci ya ɗauki wata ɓarna da yake gani a zamaninsa, ya ja ta har iyakarta, ya nuna maka goben da za ta haifa. Ke nan kowane ɗayansu ɗan zamaninsa ne da ƙasarsa. Orwell ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Burma, ya yi yaƙi a Sipaniya inda ya ga mutanen Stalin suna farautar abokan gwagwarmayarsu, ya yi aiki a BBC lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya rubuta littafin a wani tsibiri na Sikotland yana fama da tarin fuka, ya rasu a Janairun 1950, ƴan watanni bayan fitowarsa. Tsoronsa Stalin ne da Hitler: gwamnatin da ba ta barci, wadda ta san mafarkinka, wadda ba ta ɓatar da takarda ko ɗaya.

To, mu muna ina a cikin littafin? Kowa a cikinmu Winston Smith yake ɗaukar kansa, ma'aikacin da ke gyara tsofaffin jaridu a London. Sai dai akwai wani babi mai tsawo da yawancinmu ke tsallakewa, babin da Winston ke karanta haramtaccen littafin Goldstein. A can aka bayyana cewa manyan dauloli uku sun raba duniya, sai wani yanki da suka bari a tsakiya suna yaƙi a kansa ba ƙarewa. Kusurwowin yankin huɗu ne: Tanja, Brazzaville, Darwin da Hong Kong. Ɗauko taswira, ka ja layi daga Tanja zuwa Brazzaville. Maraɗi da Damagaram suna ciki. Mutanen wannan yanki bayi ne, yau a hannun wannan daula, gobe a hannun waccan, ana haƙar ma'adinan ƙasarsu, ana ƙarar da ƙarfinsu. Ko ɗaya daga cikinsu ba a ba shi suna ba, ko ɗaya bai buɗe baki ba. A shafukan ƙarshe ma, Winston na zaune a mashaya ana sanar da nasarar da aka samu a fagen yaƙin Afirka. Ɗan ƙasar da ake haƙar uraniyom a Arlit tun 1971 ya kamata ya tsaya cik a wannan babi. Idan akwai roman da 1984 ke roƙon mu rubuta, na waɗannan marasa suna ne. Mu kuwa mun tsallake gidanmu mun tafi London.

Abu na biyu, azzalumin Orwell ba irin wanda nahiyarmu ta sani ba ne. Ba ya ci, ba ya dariya, ba a ma tabbata yana raye ba. Ku karanta En attendant le vote des bêtes sauvages na Ahmadou Kourouma, na 1998. Koyaga maharbi ne da ya zama shugaban ƙasa, ƙarfinsa na jingine da mahaifiyarsa mai asiri da wani malamin tsibbu, kuma kowa ya san Eyadéma na Togo aka zana. Abin da ya fi burge ni shi ne bakin da ke ba da labarin. Mawaƙin maharba ne, a zama shida na dare, a gaban shi Koyaga ɗin, yana yabon sa, yabon kuwa yana tona asirin kowane kisa da ya yi. Wane Bahaushe ne bai san wannan ba? Kirari mai ɗauke da habaici, maroƙin da ke wasa ka yana yanka ka. Kourouma ya ɗauki salon gida ya yi makami da shi. Sony Labou Tansi na Kongo ya fi shi zafi. A La Vie et demie, na 1979, shugaban ƙasa ya sassara ɗan adawa Martial da hannunsa, mutumin ya ƙi mutuwa, aka tilasta wa iyalinsa cin namansa. Za ka yi dariya, sai kunya ta kama ka. Waɗannan biyun sun san mulkin da ke tafiya da biki da makaɗa da rabon kuɗi, mulkin da zai manta da fayil ɗinka shekara goma amma ba ya manta wanda bai tafa ba. Mi ya sa ba a jin sunansu a fada?

Na uku, ko a cikin Turawan ma ba Orwell ne ya fi kama mu ba. A Le Meilleur des mondes na Aldous Huxley, na 1932, ba a buƙatar bulala. Ana ba mutane wata ƙwaya mai suna soma, da wasanni, da holewa, su da kansu ba sa son a dame su da tunani. Wanda ya ga yadda tramol ke yawo tsakanin ƴan kabu-kabu da leburori, har da ɗalibai lokacin jarrabawa, ba ya buƙatar a yi masa fassara. A Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, na 1953, ana ƙona littattafai, amma shugaban masu ƙonawar ya gaya wa Montag cewa jama'a ne suka fara barin karatu, hukuma daga baya ta zo. Mu wa ya ƙona mana littafi? Mega ɗin da zai sauko da roman goma muke ƙonawa a TikTok cikin dare ɗaya. Masu rantsuwa da Orwell, mutum nawa ne suka kai shafin ƙarshe, nawa ne suka tsaya ga taƙaitawar minti goma a YouTube? Muna jin tsoron novlangue, harshen da jam'iyya ke rage wa kalmomi kowace shekara don tunani ya ƙuntata. Mu babu jam'iyyar da ta sa mu. Ɗalibin da zai yi maka ekzoze na awa guda a kan novlangue da Faransanci, ce masa ya kawo sunan itace goma na dajin garinsu da Hausa, ka ga zufa. Alhali Orwell ɗin ma ya daɗe da shiga Hausa: Bala Abdullahi Funtua ya fassara labarinsa na dabbobi da sunan Gandun Dabbobi tun 1975.

Yanzu ga inda na fi jin zafi. La Servante écarlate na Margaret Atwood, na 1985, ya samu karɓuwa a wurin samarinmu. Ƙasar Gilead, inda aka rufe asusun mata a rana ɗaya, aka hana su karatu, aka raba masu haihuwa ga manyan gwamnati. Kowa ya ce kai, wannan mata ta iya. Da ƴan matan ƙungiya suka kawo Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, sai baki ya canza. Wai littafin mata ne. Wai kuka ne kawai. Wai an rubuta shi don a faranta wa Turawa, shi ya sa suka ba shi Goncourt na ƴan lise a 2020. Wanda ya faɗi haka bai san cewa littafin ya fara fitowa a Kamaru a 2017 ba, kafin Paris ta san da shi.

Mu duba abin da ke ciki. Marwa ce, gidan Fulani masu hali. Ramla na son ta zama mai harhaɗa magunguna, aka raba ta da wanda take so aka ba wani attajiri da ya haife ta. Hindu aka ba ɗan baffanta mashayi mai dukanta. Safira, uwargidan attajirin, ta ƙare a wurin bokaye don ta kori amarya. Duk wadda ta yi ƙorafi, kalma ɗaya ake mayar mata: haƙuri. Uba ya faɗa, baffa ya faɗa, gwaggo ta faɗa, uwa ma ta faɗa tana hawaye. Ashe ba wannan ba ne harshen da aka rage wa kalmomi har saura ɗaya? Ashe ba wannan ba ne gidan da kowa ke gadin kowa ba tare da kamara ba? Atwood ta sha faɗin cewa ba ta sa komai a littafinta ba sai abin da ya taɓa faruwa a wani wuri. Amal ba ta ma buƙaci ƙirƙiro ƙasa ba. Bambancin kawai shi ne, a Gilead azzalumin baƙo ne, muna iya tsine masa hankali kwance. A Marwa kuwa yana kama da baffanmu, wani lokaci yana kama da mu. Laifi tudu ne. Kowannenmu ya san yarinyar da suka fara lakwal tare, wadda ta fi shi ƙoƙari, da ba ta kai brebe ba. Namijin da ya yi wa Gilead kuka ya kuma kira Les Impatientes littafin mata, tsoron madubi yake yi.

Ba kowane littafin Afirka nake yabo ba. 2084 na Boualem Sansal, ɗan Aljeriya, na 2015, ya ci babbar kyautar roman ta Académie française, amma ni ya gundure ni. Ya ɗauki ginin Orwell ya zuba masa daular addini mai suna Abistan. Jaruminsa Ati inuwa ce kawai da marubucin ke ja daga wannan bayani zuwa wancan, masu imanin cikin littafin kuma kusan duk tumaki ne. Haɗa shi da Terre ceinte na Mohamed Mbougar Sarr, ɗan Senegal, wanda ya ci kyautar Kourouma a shekarar. Masu iƙirarin jihadi sun kama garin Kalep, sun kashe saurayi da budurwa a bainar jama'a. Iyayensu mata biyu suka shiga rubuta wa juna wasiƙu, wasu ƴan tsiraru kuma suka haɗu a ɓoye suna buga jarida. Sarr bai sauƙaƙa musu ba: jaridar ta fito, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka biya kuɗinta. Ga tambayar da ta shafi duk mai riƙe alƙalami a Sahel, har da mu masu fotokopi: idan rubutunka zai jawo wa wani bala'i, za ka rubuta?

Wanda ya hana ni barci kuwa La Parabole du semeur ne na Octavia Butler, baƙar fatar Amurka. Ta buga shi a 1993, ta fara labarin a 2024. Babu Big Brother. Gwamnati na nan, amma ta yi nisa. Ruwa ya fi fetur tsada, ɗan sanda sai an biya shi, unguwa ta kewaye kanta da katanga, yanayi ya lalace, mutane sun cika hanya da ƙafa suna neman arewa. Lauren, ƴar shekara goma sha biyar, ta gane katangar ba za ta daɗe ba, sai ta shiga tanadin iri da taswira da sanin tsirrai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da muka san layin jarka a bakin famfo a watan Afrilu, muka san damina mai zuwa a makare ta tafi da wuri, muka san hanyar Agadas, wace baƙar gobe ce ta fi kama da tamu? Hukumar da ta san komai a kanka, ko wadda ba ta san kana raye ba?

Na san amsar da za a ba ni. Adabi ba shi da iyaka, kuma leƙen asiri ta waya gaskiya ne. Na yarda. Babin da Orwell ya nuna yadda ake goge jiya don a mallaki yau, kowane ɗalibin tarihi ya kamata ya san shi. Ban ce a jefar da littafin ba. Cewa na yi a daina mayar da shi laya. Mutumin da ke da amsa ɗaya ga kowace tambaya ya daina tunani, ko da amsar sunanta Orwell.

Saboda haka ga shawarata ga kwamitin da ke tace labarai. Duk wanda ya kawo labarin baƙar gobe, a yi masa tambaya uku. A wane gari abin ke faruwa? Nawa ake sayar da tiyar hatsi a ranar? Ƙanwar jarumin tana ina? In ya kasa amsawa, a mayar masa da takardarsa ya je ya sake zama. Sannan a zaman karatu mai zuwa a ɗauko Les Impatientes, kuma namiji ne zai gabatar da shi.