Mitfai a kan gawayi, ba sai da oban ba

Makon jiya wata 'yar uwa daga Wara ta rubuto cewa yaranta sun hana ta sakat da zancen mitfai, ga shi ba ta da oban. 'Yar uwa, kwantar da hankalinki. Ni da nake da shi a nan Yelwa, ya fi wata biyu ban kunna ba. Muna bakin tafkin Kainji, wanda aka datse tun 1968 don samar da lantarki, amma da bazara kurfoti ne ke rufa mana asiri. Kuma wa zai so tsayuwa cikin kicin a zafin Afrilu?

Ki tanadi fulawa kofi 4, bota giram 250, bakin foda ƙaramin cokali 1, da ɗan gishiri. Ki murza da yatsu har ya yi washar-washar, sannan ki riƙa yayyafa ruwan randa kaɗan-kaɗan har ya haɗe. A nan zafi ke yi wa mata illa: bota na narkewa a hannu, kwaɓin ya yi maiƙo, a gasa ya fito da tauri. Shi ya sa nake kwaɓa nawa bayan sallar Asuba, in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, in ajiye gefen randa na minti 20.

Haɗin ciki kuwa niƙaƙƙen nama rabin kilo, dankalin Turawa 2, karas, albasa, kori da magi. Attaruhu ɗaya ya isa saboda yara. Ki dafa har ruwan ya tsotse, ki bar shi ya huce sarai kafin ki naɗe. Idan nama ya yi tsada, ai Allah ya hore mana kifi. Giwar ruwa ta fi dacewa don ba ta da ƙananan ƙayoyi da yawa. In karfasa kika samu, ki zauna ki tsince ta da hannu sau biyu, kada ki ba 'yar aiki ko yarinya wannan aikin.

Sai gashi. Ki samu faffaɗar tukunya mai kauri, ki zuba busasshen yashi mai tsabta a ciki kamar kaurin yatsa biyu, ki rufe, ki ɗora a wuta minti 10. Ki jera mitfai a farantin ƙarfe da aka shafa wa mai, ki shafe samansu da ƙwai, ki huda kowane da cokali mai yatsu, ki ɗora farantin a kan yashin. Sirrin duka yana kan murfi: garwashin da za ki zuba a kansa ya fi na ƙasa yawa. Ranar da na fara, duk wutar a ƙasa na tara. Gindin ya ƙone ƙurmus, saman ya fito fari fat, maigidan ya ci ɗaya don kunya, yara kuwa suka koma kan tuwon jiya.

Kafin ki saka, ki barbaɗa ɗan gari a farantin. In ya yi baƙi nan take, rage wuta. Minti 30 zuwa 40 sun isa, kuma kada ki yi ta buɗewa.

A tsakar gida za ki yi wannan aiki, ko da iskar hadari ta taso. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa.

Ki yi daidai cikin gidanki. Nama da dankali ba sa jure wannan zafi, wanda aka gasa da safe a cinye shi da hantsi in babu firiji mai sanyi. In kika ɓara kika ga yauƙi ko kika ji tsami, kada ki ce za ki ɗumama, zubarwa kawai.

Mutanen Shanga, an ce kuna yi da busasshen kifi. Ku rubuto mana a ƙasa yadda kuke jiƙa shi.