A Daina Tumɓuke Sabara Daga Gonaki

Hausawa suna cewa, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Da wuya a sami wani tsiro a ƙasar Hausa da wannan magana ta dace da shi kamar sabara. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Daura, ko ta Kano zuwa Gumel da Maigatari, cikin watan Maris ko Afrilu, zai iske manoma sun duƙufa ga sharar gona, suna sassabe sabara, suna tara ta tsibi-tsibi suna cinna mata wuta. Wasu ma, musamman waɗanda suka sami halin ɗauko tarakta, ba su tsayawa ga sara, sai sun tumɓuke kututturen har saiwarsa, wai don gona ta yi fes. A daidai wannan lokaci kuwa, hukumomi suna can suna kashe kuɗi wajen renon dashen darbejiya da itacen turare, waɗanda za a raba wa jama'a in damina ta kankama domin yaƙi da gurgusowar hamada. Watau dai ana cire wanda ya riga ya kafu, ana wahalar kafa wanda ba a tabbata zai rayu ba.

Ya kamata a fara da sanin ita kanta sabarar. Masana ilmin tsirrai suna kiranta Guiera senegalensis, kuma sunan ya samo asali ne daga yadda Wolof na ƙasar Senegal suke kiranta. Danginta ɗaya da geza da taramniya da marke da baushe, amma a cikin dangin nan babu wani tsiro da ya haɗa ɗaki da ita, ita kaɗai ce irinta. Ba ta cika wuce mita 3 a tsawo ba, kuma ba ta yin gindi guda kamar bishiya, sai dai rassa da yawa su fito daga kututture ɗaya. Ganyenta ƙanana ne, toka-toka, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma in aka juya bayan ganyen za a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Furanninta ƙanana ne ainun, masu launin rawaya da ya surka da kore, suna dunƙulewa wuri ɗaya kamar ɗan maɓalli. Bayan fure sai 'ya'ya su fito sirara dogaye, lulluɓe da gashi mai laushi kamar siliki, suna bajewa ta ko'ina kamar ƙafafun gizo-gizo.

Mazauninta ya miƙe tun daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Kamaru da Chadi, har zuwa Sudan, galibi inda ruwan sama yake tsakanin milimita 400 zuwa 800 a shekara. Ta fi son jigawa da saura, da ƙasar da noma da kiwo suka gajiyar. Daga nan ne rashin fahimta ya taso. Domin ana yawan ganinta a ƙasar da ta mutu, sai wasu suka ɗauka ita ce take kashe ƙasa, alhali kuwa ita ce kaɗai ta iya daurewa bayan sauran itatuwa sun gaza. Wannan daidai yake da a ga likita a gidan majinyaci a ce shi ya kawo cutar.

Sirrin sabara yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake gani a sama ɗan kaɗan ne in aka gwada shi da saiwar, wadda takan nutsa nesa ƙwarai har ta kai ga laimar da saiwar gero ba ta isa gare ta ba, ga kuma wasu saiwoyin da suke bazuwa kusa da fuskar ƙasa. Da rana, ruwan da doguwar saiwa ta jawo yana fita ta ganye. Da dare kuwa ƙofofin ganyen sukan rufe, amma ruwan bai fasa hawowa ba, sai wani kaso nasa ya tsiyaye ta saiwoyin sama ya jiƙa busasshiyar ƙasar da ke kewaye. A nan ne saiwar gero take, ita kuwa sai ta sha. Bugu da ƙari, lokacin hunturu sabara takan tare ƙura da rairayi da buntun da iska ta kwaso, shi ya sa ake ganin ɗan tudu a gindinta. Ganyenta yana zuba ya ruɓe a wurin, dabbobi suna zuwa cin tohonta su bar taki. Tsofaffin manoma sun daɗe da lura cewa geron da ya tashi kusa da kututturen sabara ya fi na tsakiyar fili tsawo da kauri.

Abin da manoma suka gani da ido, masana sun auna shi. A yankin Thiès na ƙasar Senegal, inda ake noman gyaɗa da gero a jigawa irin ta Daura da Gumel, masu bincike na ƙasar tare da na jami'o'in Amurka, ciki har da Farfesa Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio, sun shafe shekaru suna gwada gonar da aka bar wa sabara da wadda aka tumɓuke. A wani sakamako da aka buga a 2018, sun ba saiwar sabara ruwa mai wata alama ta musamman a can ƙarƙashin ƙasa, cikin 'yan kwanaki kuwa sai ga alamar ta bayyana a jikin geron da ke gefe. Da aka hana gonakin ruwa domin kwaikwayon fari, geron da ke tare da sabara ya ninka na filin da babu ita fiye da sau tara a nauyin abin da ya tsiro. Gonakin gwajin nan an cika su da sabara ne fiye da yadda ake gani a gonar talaka, har gindi 1,200 zuwa 1,500 a hekta guda, kuma ba a ƙone sassaben, daddatsa shi ake yi a mayar cikin ƙasa. An kuma ga kargo yana yin irin wannan aiki.

Ba sai an je Senegal ba ma. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, bayan farin 1973 da ya hallaka dabbobi da itatuwa, an yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa kowace shekara a gonaki kututture ne masu rai da saiwa kafaffiya. Sai aka shiga koya wa manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su sare sauran. Mutanen wurin suka sa wa dabarar suna sassaben zamani, yunwar 1984 kuma ta sa ta karɓu. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma sabara da kargo suna cikin na gaba. Maraɗi kuwa maƙwabciyar Katsina ce, ƙasa iri ɗaya, harshe ɗaya, gero ɗaya.

Lalle manomi yana da nasa hanzari, kuma bai kamata ma'aikaci ya yi watsi da shi daga cikin ofis ba. Kututture yana tare garmar shanu, yana iya lalata ta tarakta. Kurmi yana ɓoye maciji da tsuntsayen da ke cin hatsi. Uwargida tana bukatar makamashi, kuma a ƙauyuka da yawa sabara ce ta rage. Amma babu wanda ya ce a bar ta ta mamaye gona. Sabara tana son sara, domin in aka sare ta gab da shuka ba ta yi wa gero inuwa, kuma kafin kaka ta sake tohowa. Abubuwa biyu ne kurum suke ɓarna, watau tumɓuke saiwa da ƙone ganye. In an ƙone, mafi yawan abincin da ganyen ya tara wa ƙasa yana bin hayaƙi, tokar da ta rage kuma iskar bazara ta kwashe. Ana iya ɗaukar rassa masu kauri a kai murhu, a bar ganye da ƙananan rassa a shimfiɗe a gona. Inda ake huɗa da shanu kuwa, ana iya barin kututturan a jere bisa layin kunya.

Ga kuma amfaninta a gida, wanda ba ya bukatar dogon bayani. Da ganyenta ake wankan jego a wurare da dama, ana dafa shi saboda tari da ciwon ciki, makiyaya suna turara shi a garke don korar ƙuda, raƙuma da awaki kuma suna samun abin ci a kanta cikin rani. Ƙarfin maganin da iyakarsa aikin likitoci ne su tantance, amma in tsiron ya ƙare babu abin da za a tantance.

Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, ya kamata ya lissafa kututturen da aka ceta kamar yadda yake lissafa dashen da aka raba. Dashe yana bukatar reno da jigila da ban ruwa da shinge saboda awaki, kututturen sabara kuwa adda kawai yake bukata da hannun da ya san abin da zai bari. Haka nan ya dace Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da jami'o'in jihohin Arewa su maimaita gwajin Senegal a jigawar Katsina da Jigawa da Yobe, domin a san yawan gindin da ya dace da hekta guda a nan, ɗaliban aikin gona kuma su sami abin rubuta kundi a kansa. Malaman gona da na daji su ma su daidaita lokacin rangadinsu. An saba ganinsu a ƙauye cikin Yuli da Agusta da motar dashe, alhali kuwa wutar sharar gona tun watan Maris ake kunna ta.