Wankin dutse da daɓe: ruwa da sabulu sun isa

 Yau za mu yi magana bisa wankin dutse. A karkara akwai dutsen niƙa. A birane kamar Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ana shimfiɗa dutse mai sheƙi a ɗaka, ana kuma ɗora shi bisa teburin madafa. Wasu gidaje kuwa daɓen siminti gare su. Duk waɗannan suna son wanki.

Abin da ya dame mu shi ne wani ruwa mai ƙarfi da ake kira asid, wanda wasu ke saye cikin kwalba marar suna domin fitar da dauɗa. Wasu ma har suna gauraya shi da jabel, wai don ya ƙara ƙarfi. A ganinmu wannan gyaran gira ne da ke jawo rasa ido. Ruwa da sabulu sun isa wankin yau da kullum.

Ga dalilinmu na farko. Duwatsu ba iri ɗaya ba ne. Manyan duwatsun da ke cikin Birnin Damagaram na giranit ne, masu tauri ƙwarai. Wanda ake haƙa a Malbaza, cikin jahar Tawa, domin yin siminti, dutsen farar ƙasa ne. Marmara mai sheƙi da ake sayarwa a birni danginsa ce. Wannan dangi ba ya jure tsami. Asid yana cinsa nan take. Lemun tsami da ruwan tsamiya ma suna cinsa sannu a hankali. Da an zuba, sai wurin ya yi fari, mai gida ya yi murna. Alhali kuwa fatar dutsen ce ta narke. Sheƙi ya tafi ke nan, ba ya komowa da wanki. Wurin ya yi kaushi da ƙananan ramu, inda maiƙo da ƙwayoyin cuta za su samu mazauni. Ko inda dutsen giranit ne, simintin da ya riƙe shi ba ya jure asid.

Dalili na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi rai. Idan jabel ya haɗu da asid, ko da wani abu mai tsami, wata iska mai guba tana tashi. Tana sa tari, da zafin ido, da toshewar ƙirji. Cikin ɗaki ko makewayi da ke rufe tana iya kashe mutum. Haka kuma ba a zuba jabel bisa fitsari, sai an kora da ruwa tukuna. Wanda ya shaƙi wannan iska, a fitar da shi waje maza, a kai shi likita.

To, yaya za a yi wankin?

1. A share ƙasa da tsakuwa tukuna, domin yashi yana karce dutse mai sheƙi.
2. A sa sabulu kaɗan cikin ruwa mai ɗumi, a goge da tsumma mai laushi. Ban da soson ƙarfe.
3. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a tsane. Jiƙaƙƙen daɓe yana kayar da tsoho da mai juna biyu.
4. Idan mai ko miya ta zube, a goge nan da nan. Dutse yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan abin da ya daɗe a kansa. Idan mai ya fara shiga, a barbaɗa gari a bar shi ya tsotse, sannan a share.

Dutsen niƙa kuwa kamar akushi yake, tun da abincinmu a kansa yake bi. Bayan niƙa a wanke shi da ruwan zafi da soso, a ɗauraye sosai, a bar shi ya sha rana. Sannan a rufe shi saboda kaji da awaki da ƙuda. Manoma kuma su ji: kada a dama maganin iri ko na ƙwari a kansa, kada a niƙa. Guba tana shiga ramukan dutse, wanki ɗaya ba ya fitar da ita duka.

Wani zai ce: to lokacin annoba fa? Maganarsa tana bisa hanya. Ba mu manta da cutar amai da gudawa da ta faɗa wa Madarunfa a shekarar 2018 ba, da wadda ta bazu cikin jahohi da dama a 2021. A irin wannan lokaci jabel yana da amfani babba, yana kashe ƙwayar cutar. Amma da ƙa'ida. A wanke da sabulu tukuna, a ɗauraye. Sannan a tsarma jabel da ruwan sanyi kaɗai, a buɗe ƙofa da taga. Ƙarfin jabel ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, saboda haka a karanta rubutun da ke jiki, ko a tambayi malamin lafiya awon da ya dace. Ga ranar karatun da muka koya.

A kuma ajiye waɗannan kaya inda hannun yaro ba ya kai. Kada a zuba su cikin kwalbar lemo ko butar shan ruwa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, a ruga da shi likita tare da kwalbar. Idan ya fantsama a ido, a yi ta kora ruwa mai tsabta har minti 15.

Muna roƙon kowane mai karatu ya karanta wa mutanen gidansa wannan shafi, musamman mata da ƴan mata, su da wankin ke hannunsu. Magidanta kuma su daina sayo ruwan da ba shi da suna. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.