Jinkirin Masu Fenti Da Makomar Tsofaffin Motoci A Katsina

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga Ƙofar Kwaya ta nufi Dutsin-ma, watau hanyar da ɗalibai da malamansu ke bi kullum zuwa Kwalejin Ilmi ta Tarayya da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya san irin motocin nan da akan gani a bakin gareji, a nan da sauran sassan birni, an kankare musu fenti rabi da rabi, an ɗora su bisa duwatsu, ƙura ta rufe gilasansu har yara na rubutu a kai da yatsa. Galibinsu ba hatsari suka yi ba. Da ƙafafunsu suka zo, masu su suka kawo su domin a fitar da tsatsa, a daddaƙe jiki, a fesa sabon fenti, aka yi alkawarin mako uku, aka karɓi kafin alƙalami. Gadar ƙasa ta Ƙofar Kwaya, da girmanta, an haƙa ta an gama, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta cikin watan Janairu na 2023, amma ba abin mamaki ba ne a sami motar da ta riga gadar shiga hannun ma'aikata, har yau kuwa ba ta fito ba.

Wani zai ce ina ruwan jama'a da tsohuwar mota. To, waɗannan motoci suna da tarihi, kuma tarihin ma'aikatan gwamnati ne. A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar ce kuma aka fara haɗa Volkswagen a Ikko. Wannan ya zo daidai da biyan ƙarin albashin Udoji, ga kuma rancen mota da akan ba ma'aikaci in ya kai wani matsayi. Ta haka 504 ta zama motar ma'aikaci, motar hakimi, motar kai amarya, motar kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Yau a gidaje da dama na Katsina akwai 504, ko 404, ko tsohuwar Marsandi, wadda mahaifi ya bari, 'ya'yansa ba su son sayarwa, wani daga cikinsu kuma ya ɗauki niyyar mayar da ita yadda take ran da aka sayo ta. Ba kabu-kabu zai yi da ita ba. Yana so ne ya fito da ita ran Juma'a ko ran Salla, ya ji ƙamshin kujerun da ya zauna a kai yana yaro. Irin wannan mutum shi ne ya fi kowa shan wuya a hannun masu fenti, shi ne kuma yau ake ta ba shawarar ya ɗauko motarsa ya fesa ta da kansa a gida.

Kafin a duba wannan shawara, ya kamata a fahimci abin da ke kawo jinkirin, domin ba lalaci kaɗai ba ne. Mai gyaran jikin mota da cinikin yau yake cin abincin yau. In aka kawo masa motar zamani wadda aka goga wa ƙofa a kasuwa, aikin kwana biyu ne, mai ita na tsaye a kansa, kuɗi kuma a hannu. Tsohuwar mota kuwa ba a sanin abin da ke jikinta sai an kankare. Akan yi ciniki da ido, a kan abin da ke bayyane, sa'an nan a tarar da fenti hawa huɗu ko biyar, a ƙarƙashinsa ga fila, watau ƙullin nan da ake cike lotsawa da shi, an laɓta shi da kauri tun wani gyara na shekarun baya, a ƙarƙashin filar kuma ƙarfe ya zama kamar rariya. Aikin da aka yi wa kuɗin mako uku ya koma na wata uku, sai an yanko sabon ƙarfe an yi walda. Mai gareji yana jin nauyin ya koma ya ce a ƙara kuɗi, ba ya kuma iya yin aikin a kan tsohon ciniki, saboda haka sai ya tura motar gefe ya kama abin da zai kai shi gida da cefane.

Kafin alƙalamin kuwa tuni ya tafi. Sau da yawa da kuɗin mota ta biyu ake gama ta farko, da na ta uku ake taɓa ta biyu, kamar adashin da ba a faɗa wa masu zubi sun shiga ba. A da ana iya lallaɓa wannan hali a wuce, amma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na shekarar, abin ya ƙi lallaɓuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024, kayan fentin mota kuwa da yawansu daga waje ake shigo da su, ko su ko sinadaran haɗa su. Kuɗin da aka karɓa da rani domin sayen fenti, in an kashe shi a wani wuri, ba zai sayi rabin kayan ba da kaka. Ga rashin tsayayyar wutar lantarki, injin iska da na walda kuwa ba su aiki da fatan alheri, sai an zuba wa janareto mai. Ga yaran shago, waɗanda su ne ke yinin guga da samfefa, suna gudu zuwa tuƙin babur mai ƙafa uku inda ake ganin kuɗi kafin magariba. Masu motocin su ma ba su fita ba: akwai mai matse ciniki har ya kai inda ba mai iya aikin kirki a kai, akwai mai biya da kaɗan-kaɗan sai ƙarshen wata, akwai mai sake launi bayan an haɗa fenti.

Duk da haka uzuri ba ya sauke alkawari. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma abin da masu gareji ba su cika faɗa wa mai mota ba shi ne zaman da take yi ɓarna ne a kanta. Ƙarfen da aka kankare yana fara tsatsa cikin 'yan kwanaki in akwai laima. Fentin ƙasa na yau da kullum, wanda ake kira firaima, yana shan danshi, haka ma fila, saboda haka motar da aka bari a fili daga Yuni zuwa Satumba takan koma baya fiye da ran da aka kawo ta. In an fesa fenti a kan wannan danshi, bayan 'yan watanni sai a ga ya yi bororo yana ɓarewa. Sa'an nan ga aro. Yau an ari fitila don a gwada wa wata mota, gobe an ari hannun ƙofa, jibi zakin nan na gaban 504 ya yi ƙafa. Kayan motar da aka daina ƙerawa ba a shiga kanti a sayo su, sai an yi yawon neman su a wurin masu sayar da kayan motocin da aka farke, wani lokaci har Kano ko Maraɗi.

Mutumin da ya ga haka, ba laifinsa ba ne in zuciyarsa ta raya masa ya yi aikin da kansa, balle ga hotunan bidiyo birjik a intanet, inda wani Ba'amurke ko Bature ke fesa tsohuwar motarsa a gida ta fito tana ƙyalli. Abin da ba a lura da shi shi ne wancan yana da rufaffen ɗakin mota, da daɓen siminti da ya jiƙa da ruwa, da fanka mai zuƙe iska, da yanayi mai sanyi-sanyi. Fentin mota ya fi son zafin da bai wuce maki 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas ba, da iska mai tsabta. A Katsina da hunturu ƙura ce ke sauka ko an rufe ƙofa da taga, kowane ƙwayar ƙura kuma in ta faɗa kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Da bazara zafi kan kai maki 40, fentin ya fara bushewa tun yana cikin iska kafin ya isa jikin mota, ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. Da damina laima kan sa ya yi fari-fari, ga ƙwari da ke bin haske su manne. Ƙaramin injin iska irin na masu faci ba ya riƙe ƙarfin iskar da bindigar feshi ke bukata har a gama gefe guda, yana kuma turo ruwa cikin bututu in ba a sa masa matata ba. Wanda bai taɓa riƙe bindigar feshi ba, in ya fara koyo a kan motar mahaifinsa, gyaran gangar Auzinawa ya fi kusa da shi.

Wannan duk asarar kuɗi ce, ana iya kankarewa a sake. Abin da ba a iya sakewa shi ne lafiyar mutanen gida. Fentin zamani mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin daskarewa, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira aisosayanet, wanda likitocin ma'aikata suka daɗe da sanin yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon fuka ga masu feshin mota, wanda kuwa ƙirjinsa ya kamu, ko kaɗan ya sake shaƙa sai ciwon ya tashi. Takunkumin ƙyalle ko na takarda ba ya tare shi, sai irin wanda ake turo wa iska mai tsabta ta bututu. Tsohon fenti mai bushewa da iska, irin wanda ake sirkawa da tina kawai, ya fi sauƙin sarrafawa ga ɗan koyo, amma tururin tina wuta ce ke jiran ashana, gidan Bahaushe kuwa murhu na tsakar gida, janareto na zaure. Akwai kuma tsohon fentin da za a kankare. Da yawa daga fentin motocin wancan zamani akwai dalma a cikinsu, musamman ja da ruwan ɗorawa da fentin ƙasa. In aka guge shi a bushe, ƙurar a ƙasa take sauka, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Arewa ta riga ta ga abin da ƙurar dalma ke yi a tsakar gida: a 2010 a Jihar Zamfara yara wajen 400 suka rasu saboda daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Ƙurar mota ɗaya ba ta kai wannan ba, amma dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta nuna alama da wuri. Maigida yana da ikon yin kasada da kuɗinsa, ba shi da ikon yi da ƙirjin iyalinsa da na maƙwabta.

Akwai aikin da gida ya fi gareji dacewa da shi, shi ne kuma ya kamata mai sha'awar tsohuwar mota ya ba ƙarfinsa. Ya kwance fitilu da bamba da hannuwan ƙofa da ƙarafunan ado da kujeru da kansa, ya ɗauki hoton kowane kafin ya cire, ya ɗaure kusoshinsa a leda ya rubuta suna, ya kulle a ɗaki. Ya nemo robobin gilashi da na ƙofa tun kafin a fara aiki, domin rashinsu kaɗai kan tsayar da mota wata guda bayan an gama fenti. Abin da zai kai gareji gangar jiki ce kawai, babu abin ara a jikinta. Kayan fenti kuma ya je da mai fentin kasuwa a saya a gabansa, a ranar da za a bukace su, maimakon ya miƙa kuɗinsu tun farko.

Sa'an nan a rubuta yarjejeniya. Abin mamaki ne a ce ma'aikacin da ba ya sakin kwabon gwamnati sai da takarda da sa hannu uku, shi ne zai miƙa albashin wata biyu a bakin titi a kan kalmar "in Allah ya yarda mako mai zuwa". A raba cinikin gida biyu: kuɗin kankarewa daban, sai an ga ainihin ƙarfen a yi cinikin sauran, domin kada a cuci mai gareji. A raba biya bisa matakin aiki, walda, fila da guga, feshi, kowanne da ranarsa, da shaidu biyu, da sharaɗin cewa motar a ƙarƙashin rumfa za ta kwana. Doka ma tana bayan mai mota, domin dokar gasa da kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a gama masa a kan lokaci, a kuma sanar da shi da wuri in jinkiri ya zama dole. Amma alƙali ko hukuma ba su da abin kamawa in babu ranar da aka rubuta.

Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, tana iya sauƙaƙa wannan in shugabanninta na jiha suka buga takardar yarjejeniya iri ɗaya da Hausa, boko da ajami, suka raba wa 'ya'yanta, suka kuma riƙa sauraron ƙorafi kafin a kai ga 'yan sanda. Masu gaskiya a cikin sana'ar, waɗanda suke da yawa, su za su fara cin moriya, domin yau ana yi musu kuɗin goro da masu cin amana. Gwamnatin jiha kuma, wadda ke da cibiyar koya wa matasa sana'o'i tun zamanin Gwamna Ibrahim Shema, da za ta gina rufaffen ɗakin feshi ko guda ɗaya mai fankar zuƙe iska da kayan numfashi, masu fenti su riƙa haya da awa, ɗalibai su riƙa koyo a ciki, da an rage jiran wuta da jiran ƙura ta lafa, an kuma ceci ƙirjin yaran da ke feshi yau da tsumma ɗaure a hanci.

Game da lokaci, sararin da ya fi dacewa da feshi a Katsina gajere ne, daga ɗaukewar ruwa cikin Oktoba zuwa saukowar ƙurar hunturu wajen ƙarshen Nuwamba, da sassafe kafin iska ta tashi. Wanda ke son motarsa ta sami wannan sarari, tun cikin Satumba ya kamata a ce an gama walda a ƙarƙashin rumfa, an sa ranar feshi a takarda.