Wankin Mota A Ƙasar Adar: A Wajen Tsanewa Ake Ɓarna

Duk wanda ya bi ta bakin tashar Madawa, ko ya ratsa garuruwan Buza da Keita, zai ga matasa sun duƙufa ga sana'ar wankin mota da babura, abin da ya kamata a yaba masu, domin kuwa ya fi zaman kashe wando. Sai dai kullum ana kai ruwa rana tsakaninsu da masu motoci, saboda da zarar mota ta bushe sai a ga farin tabo a gilashi, fenti kuma ya yi zane-zane kamar kaza ta yi tono. A ganina ɓarnar duk a wajen tsane ruwan take, kuma mai mota yana da nasa kason laifin.

Mai karatu ya san ƙasar Adar ƙasa ce ta farar ƙasa, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Ruwan rijiyoyinmu da yawa yana ɗauke da wannan sinadari, kamar yadda ake ganin farin ɓawo a cikin butar shayi. Idan rana ta busar da ruwan a jikin mota, sinadarin ne ke zama tabo. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kafin yaro ya gama gefe ɗaya, ɗaya gefen ya riga ya bushe.

Sai kuma ƙura. Iskar yankin nan ce ta sa aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya tun 1975. Ƙurar da take kwasowa, da jar ƙasar hanyoyin karkara, cike suke da ɗanyen yashi wanda ya fi fenti tauri. Duk tsumman da ya kwashi yashin nan, ko ya faɗi ƙasa aka ɗauka ba a wanke ba, kankare mota kawai zai yi.

Maganin ba ya da tsada. A yi wanki da sassafe ko bayan la'asar, ƙarƙashin rumfa, bayan ƙarfen mota ya huce. A fara kwarara ruwa ya sauke ƙura kafin soso ya taɓa jiki. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga rufi zuwa ƙasa, kuma a tsane nan take da tawul mai laushi, a shimfiɗa shi ya sha ruwan, a daina dirza. Tsumman taya dabam, na jiki dabam. Da damina, ruwan saman da aka tara shi ya fi dacewa da ɗaurayar ƙarshe, tunda ba ya barin tabo.

To, amma wa zai sayi tawul ɗin, wa zai kafa rumfar? A nan gizo ke saƙa. Direba zai zo da tsakar rana yana gaggawar lodi, ya tsaya a kan yaro yana faɗa, sannan ya ba shi abin da bai kai kuɗin ruwan 'yan garuwa ba. Wani zai ce ai motar haya ce, gobe ma ƙura za ta sha. Gaskiya ne, amma ƙura tana wankuwa, zane kuwa sai an je wajen mai fenti, ranar sayarwa kuma dillali da shi zai karya farashi. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma haƙƙin ruwa. A yankin da mata ke tafiya mai nisa kafin su cika tulu, bai dace a wanke mota sau biyu ba saboda sakacin tsanewa.

Don haka ina kira ga masu motoci da su ƙara wa yaran nan ladan aiki, su kuma ba su lokaci. Ƙungiyoyin direbobi da magadan gari su taimaka da rumfuna a bakin tasha. Ku kuma samari, ku riƙe amanar dukiyar mutane, ku wanke tsummokaranku kullum. Allah Ya sa albarka a cikin nema.