Gada ko Gida? Magana a Kan Tankin Sigarin Lantarki

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, bari in fara da abin da ba ya son tsawon bayani. Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da wata hujja ta kusantar sigarin lantarki, kome ƙamshinsa, kome kyan surarsa. Nikotin ɗin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin karan sigari, kamunsa kuwa ɗaya ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fita ba. Maganata yau da wanda ya riga ya faɗa ne, ya yi tsalle ya yi tsalle har ya gaji, yana neman igiyar da zai kama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, tana kuma halaka kusan rabin masu shanta waɗanda ba su daina ba. Galibin wannan ɓarna daga ƙonewa ta ke fitowa, watau kwalta da iskar guba da ke cikin hayaƙi. Wannan shi ya sa wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, wanda mahaifinsa mashayin taba ne har ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa, ya ƙera wata na'ura a 2003 wadda ke ɗumama ruwa mai nikotin ya zama tururi ba tare da an ƙona ganye ba. Daga nan abin ya yaɗu, har birnin Shenzhen ya zama maƙerar da duniya ke saye daga gare ta.

To, yana taimako kuwa? A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da mashaya 886. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki mai tanki sun bar taba, alhali cikin waɗanda aka ba cingam da filasta masu nikotin kashi 9.9 ne suka bari. Wannan nasara ce, ba a musu. Amma ga inda gizo ke saƙa: cikin waɗanda suka bar taba ta hanyar na'urar, kashi 80 cikin ɗari suna nan riƙe da ita bayan shekarar. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Na'urorin nan iri-iri ne. Akwai na zuƙi-ka-yar, masu launi kamar alewa, waɗanda a ke jefarwa da batirinsu in sun ƙare. Akwai masu kai da a ke saye a haɗe daga kamfani, a canja in ya ƙone. Sa'an nan akwai tankin da na ke kira naɗa-da-kanka, wanda mai shi ne ke naɗa wayarsa, ya sa audugarsa, ya zuba ruwansa. Ra'ayina shi ne, mashayin da ya yanke shawarar bin wannan hanya, wannan na ƙarshe ya fi cancanta ya nema, kuma ya nemi mai zuƙar baki.

Zuƙa iri biyu ce. Ɗaya, mutum ya ja tururi kai tsaye zuwa huhu, kamar mai shisha. Wannan na son iska mai yawa da wuta mai ƙarfi, yana shan ruwa kamar rairayi, yana kuma cika ɗaki da gajimare. Ɗayar kuwa, a ja zuwa baki tukuna, a tsaya kaɗan, kana a shigar da shi ƙirji. Haka mashayin sigari ya saba tun farko. Wanda a ke so ya rabu da kara, lalle ne a ba shi abin da ya yi kama da kara a bakinsa, in ba haka ba kwana uku ya koma wurin mai tebur. Bugu da ƙari, zuƙar baki na aiki da wuta kaɗan, wat 10 zuwa 15, don haka ruwan da ke shiga jiki a yini bai kai na mai gajimare ba ko kusa.

Wanda ya san fitilar ƙwai ya riga ya san rabin aikin tankin nan. Akwai ma'ajiyar ruwa ta gilashi, akwai lagwani na auduga da ke tsotso ruwan kamar yadda na fitila ke tsotso kananzir, akwai kuma siririyar waya da aka naɗe, audugar ta ratsa ta cikinta. In lantarki ya bi wayar sai ta yi zafi, ruwan da ke jikin audugar ya tashi tururi. Shi ke nan.

Wajen zaɓe, abu huɗu za a duba. Na farko ƙofar iska: ta mai zuƙar baki ƙarama ce, daga wajen milimita 0.8 zuwa 1.5, kuma gwamma wadda a ke iya ragewa da ƙarawa, domin matsin da ya yi wa wani daidai, wani shaƙe shi zai yi. Na biyu dandalin da a ke ɗaura waya: a nemi mai waya ɗaya da sukuru biyu, wanda ɗan koyo zai iya sarrafawa ba tare da ya yi gumi ba. Na uku, ya zamana ana iya tsayar da kwararar ruwa a cire gindin tankin ba tare da an zubar da abin da ke ciki ba. Na huɗu, wanda mutanenmu suka fi mantawa, shi ne kayan gyara: gilashi na fashewa, zoben roba na tsinkewa, sukuru na lalacewa, tankin da ba a samun kayansa kuwa ya zama kwalliyar tebur. Sunayen da suka yi fice a wannan fanni sun haɗa da Kayfun na kamfanin SvoëMesto, da Berserker na Vandy Vape, da Ares na Innokin. Amma suna kaɗai ba ya isa, zama kome ya yi suna sai an yi jabunsa, jabu kuwa ba ka san irin ƙarfen da za ka riƙa ɗumamawa kana shaƙa ba. Araha ba ta ado.

Wajen haɗawa, a fara da wanke sabon tanki da ruwan ɗumi don a fitar da man injin da aka ƙera shi, a bari ya bushe. A samo wayar Kanthal, wadda gamin ƙarfe ce da kuromiyam da alminiyam, mai kauri kamar milimita 0.32. A naɗa ta sau 6 ko 7 a jikin sanda mai faɗin milimita 2.5, turjiyarta za ta faɗa tsakanin om 1 da om 1.2. A ɗaure ƙafafunta biyu, a tabbata naɗin yana saitin ramin iska ba tare da ya taɓa gindi ba, a datse saura da ya leƙo. Kafin a kunna, a auna turjiyar. Wannan ba wasa ba ne, lissafin da aka koya mana a sakandare ne: cikakken batir mai bolt 4.2 a kan om 1.2 yana ba da amfiya 3.5, abin da ba ya wahalar da shi. Amma in waya ta taɓa bango turjiya ta faɗo zuwa om 0.1, lissafin ya koma amfiya 42, wanda ya wuce ƙarfin batirin nan mai lamba 18650 da a ke yawan amfani da shi. Saboda haka ɗan koyo ya tsaya ga na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ke nuna turjiya, ta kuma yanke wuta da kanta in an sami matsala.

In awo ya yi daidai, a ɗan kunna wuta sannu sannu har naɗin ya yi ja daga tsakiya zuwa gefe, a bari ya huce. Sai lagwani, wanda nan ne gwaninta ta ke. Audugar da aka yi domin wannan aiki za a nema, ta shiga naɗin da ɗan matsi, ba ta zame ba, ba ta kuma ja wayar ta karkace ba. In ta yi yawa ruwa ba zai hau ba, sai ta ƙone, zuƙar ta yi ɗaci mai yankan maƙogwaro; wannan ɗacin gargaɗi ne, domin a irin wannan zafin ne ruwan ke fashewa ya fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid. In ta yi kaɗan kuma, tanki ya yi ta yoyo a aljihun riga. A datse jelarta ta zauna a ramin ruwa ba cushe ba, a jiƙa ta, a rufe, a cika, a dakata 'yan mintoci. Ruwan da ya dace da ƙananan ramukan nan shi ne mai rabi da rabi, watau rabi gilisarin rabi furofilin gilaikol. A ƙasa mai zafi irin tamu ruwan kan ƙara tsinkewa a watannin bazara, don haka lagwani na son ɗan ƙarin kauri, batir kuwa kada a bar shi cikin mota a rana, kada kuma a sa shi tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? Ai ni wahalar ce ma na ke yaba wa. Abin da sai an auna, an naɗa, an wanke hannu, ba ya jan hankalin yaron sakandare kamar yadda na zuƙi-ka-yar ke yi. Ingila da kanta, wadda ta fi kowace ƙasa karɓar sigarin lantarki a matsayin hanyar barin taba, ta haramta sayar da na zuƙi-ka-yar daga 1 ga Yuni 2025, saboda yara da kuma tulin batiran da ke ƙarewa a juji. Mai naɗa-da-kanka kuwa ɗan guntun waya da auduga kaɗai ya ke yarwa. Babbar fa'ida kuma, shi ke da iko da ƙarfin nikotin ɗin da ya ke zubawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita; mai tanki na iya farawa daga 12, ya sauko 6, ya sauko 3, har ya kai babu.

Duk da haka, masu suka suna da magana, kuma ya kamata a saurare su. Na'urar nan ba ta daɗe a duniya ba, illarta ta tsawon rayuwa sai nan gaba za ta gama bayyana. Indiya ta haramta ta gaba ɗaya a 2019. A wannan shekarar ce kuma wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, ta kwantar da mutum fiye da 2,800, ta kashe 68. Bincike ya danganta ta da wani mai da 'yan bayan fage ke gaurayawa cikin ruwan wiwi. Darasin a fili ya ke: huhu ba ya karɓar mai, ruwan da ba a san mahaɗinsa ba kuwa ba abin zubawa a tanki ba ne. Ruwan nikotin guba ne ga ƙaramin yaro in ya kurɓa, sai a kulle shi nesa da hannu. Mai ciki da mai ciwon zuciya, likita ya kamata su fara gani. Haka kuma wanda ke zuƙar tanki da rana ya kunna kara da dare, bai tsere wa kome ba, kansa ya ke ruɗi.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce wadda adadin nan na kashi 80 ya nuna. Naɗin waya na da daɗin sana'a. Mutum kan fara da neman kuɓuta, ya wayi gari yana tara tankuna kamar mai kiwon tantabaru, yana muhawara a kan wane ya fi ɗanɗano, shekara biyar nikotin na nan a jininsa. An gudu gara an faɗa zago ke nan, ko da ya ke zagon bai kai garar ɓarna ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mashayi, in ka iya bari kai tsaye, ko da taimakon likita da magani, wannan shi ne mafifici. In ka gwada ka kāsa, ka sayi tanki ɗaya na gaske, ka koyi haɗa shi da natsuwa, ka bar kara gaba ɗaya tun ranar farko, ka kuma rubuta watan da za ka rage nikotin da watan da za ka ajiye na'urar. Kada ka miƙa wa abokin ɗakinka da bai taɓa sha ba ya ɗanɗana. Gada an yi ta ne domin a haye. Wanda ya shimfiɗa tabarma a tsakiyarta, har yanzu yana kan kogi.